Kuɗin kaka na bana: ɗakin haihuwa za mu gina, ko asusun mota da jini za mu kafa?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa da ke cikin wannan zaure. Shugaba ya umarce ni in kawo nan maganar da muka tashi ba mu ƙare ba a zaman ƙofar gidan dagaci, domin waɗanda ke zaune a Kano da Dutse da waɗanda suka riga suka tafi ci-rani su ma su tofa albarkacin bakinsu. Gudummawar kaka ta bana ta gama shigowa, an kai geron da riɗin kasuwar Gujungu an sayar, kuɗin kuma suna hannun ma'aji. Tun farko an amince a harkar lafiya za a kashe su, amma da aka zo kan yadda za a kashe sai kawuna suka rabu. Wasu suna so a ƙara ɗakin haihuwa a jikin ƙaramin asibitinmu. Wasu kuma suna so a kafa asusun gaggawa wanda zai riƙa biyan kuɗin mota da na mai idan naƙuda ta zo da gardama, tare da rubuta sunayen masu ba da jini. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba, saboda haka ina roƙon kowa ya kawo hujjarsa cikin mutunci.

Alhaji na Kano:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ni ina tare da masu cewa a yi gini, kuma ba zan ɓoye dalilina ba. Kuɗin da aka zuba a bulo da kwano suna nan kowa yana ganinsu har jikokinmu, amma kuɗin da aka ajiye a hannun mutane da sunan gaggawa, yau wannan ya zo da larura, gobe wancan ya zo da rantsuwa, kafin damina ta kewayo sai a buɗe littafi a tarar da sunayen masu bashi kawai. Duk wanda ya kai shekarunmu ya ga ƙungiyoyin gari da suka watse ta wannan hanya, har zumunci ya lalace a tsakanin gidaje.

Bayan haka akwai maganar gwamnati. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki sosai. Jigawa tana da mazaɓu 287. Idan jami'ai suka zo suka tarar da ɗaki mai kyau wanda mutanen gari suka gina da guminsu, bakinmu zai fi nauyi wajen neman a turo mana ungozomar asibiti.

Malamar Awo:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta amana gaskiya ce, zan bar wa masu riƙon kuɗi su amsa ta. Amma a kan ginin ina roƙon a saurare ni, domin a wannan aikin nake kwana nake tashi.

Matan da muke rasawa a wajen haihuwa, galibinsu ba rashin ɗaki ne ke kashe su ba. Abu uku ne ke haɗuwa: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Idan jini ya ɓalle wa mace bayan ta haihu, tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. A ƙaramin asibiti muna iya yi mata allura, mu murza mahaifa, mu sa mata ƙarin ruwa, amma ba mu da wurin ajiyar jini kuma ba mu da ikon ƙara shi. Idan jijjiga ta kama mai ciki, muna iya ba ta allurar farko da ke kwantar da ita, daga nan dole a wuce da ita gaba. Idan kuwa yaro ya zo a gicciye ko ƙugun uwar ya yi masa kaɗan, babu abin da zai fitar da shi lafiya sai tiyata, tiyata kuma sai babban asibiti. Doguwar naƙudar da aka bari ta kwana ta wuni ita ce ke haifar da yoyon fitsari, domin kan yaron yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta zauna a babban asibitin Jahun tun 2008 tana karɓar haihuwa mai matsala tana kuma yi wa masu yoyon fitsari aiki, har daga wasu jihohi ake kawo mata.

Taimakon yana kusa da mu, isa gare shi a kan lokaci ne ke gagarar mu. Ko an gina sabon ɗaki, ma'aikaciya ɗaya ba za ta iya tsayuwa dare da rana ba, kuma ɗakin da aka rufe da kwaɗo da ƙarfe biyun dare bai amfani mai naƙuda da komai ba.

Alhaji na Kano:
'Yata, na ji bayaninki kuma na ƙaru. Tambayata ita ce, ba gwamnatin jiha ta taɓa raba motoci domin wannan aikin ba? Me ya sa za mu ɗauki nauyin da wani ya riga ya ce nasa ne?

Direban Tasha:
Alhaji, ranka ya daɗe, wannan tambayar a bakin aikina ta faɗo. Gaskiya ne akwai shirin Haihuwa Lafiya a Jigawa wanda aka kafa domin kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka, kuma akwai tsarin da aka yi da ƙungiyarmu ta direbobi ta NURTW, inda aka koya wa direbobin haya alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mai naƙuda, aka ce su karɓi kuɗin mai kawai. Direban da ya yi wannan aikin akan ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba idan ya dawo tasha, ladansa na duniya ke nan. Tsari ne mai kyau, kuma ya ceci rayuka.

Sai dai mota ba ta tafiya da niyya. Tana son mai, tana son taya da batir da bakanike. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Direban da a da yake iya cewa a bar shi don Allah, yanzu idan ya yi haka sau biyu a mako iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Abin da ke faruwa da daddare shi ne, a buga wa direba ƙofa, ya ce babu mai a tanki, maigidan kuma ya shiga zagaye gidajen dangi yana neman rance, matar tana kwance tana zubar da jini. Wannan zagayen ne asusun zai kashe.

Ina da sharaɗi biyu idan za a yi. Na farko, kada a ce za a ajiye jarkokin fetur a gidan wani. Duk wanda ya ga abin da wutar tankar mai ta yi a Majiya a watan Oktoban 2024, inda mutane fiye da 150 suka rasu, ba zai yarda a tara fetur a cikin gari kusa da yara da murhu ba. A yi yarjejeniya da mai sayar da mai na bakin titi, direba ya sha da takardar ƙungiya, ma'aji ya biya da safe. Na biyu, a tuna da damina. Daga watan Yuli zuwa Satumba burjinmu yakan yanke a wajen fadama, ƙaramar mota ba ta shiga. A shekarar ambaliya ta 2022 kowa ya ga yadda aka koma amalanke da kwalekwale a yankunan Ringim da Miga da Auyo. Saboda haka a sa masu babur da mai amalanken shanu a cikin lissafi, su fito da mace zuwa kwalta inda mota za ta jira.

Inna Ungozoma (jikarta ce ke rubuta mata):
Ina gaida maza, ina gaida 'yata Malamar Awo. An karanta mini duk abin da kuka faɗa, kuma na lura ana ta maganar mata amma mace ɗaya ce ta yi magana kafin ni. To ga ta biyu.

Direba ya ce ana buga masa ƙofa da daddare. Kafin a buga tasa an riga an buga tawa, wani lokaci kuma ba a buga ta kowa ba sai da abu ya ɓaci. Yarinya mai cikin fari tana jin kunyar a ji ta, za ta cije ta yi shiru a ɗaki tun daga magariba har asuba domin kada a ce ba ta da haƙuri. Wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, uban zai ce sai an ji daga bakin mijin, mijin kuma yana kudu wayarsa a kashe. Wadda ta haifi shida ko bakwai a ɗakinta za ta ce ta saba, alhali irinta ce jini ya fi ɓalle wa. Motarku ba za ta tashi ba sai wani ya ce a tashe ta, kuma mu ne ke cikin ɗakin.

Abin da nake nema kaɗan ne. A ba kowace ungozoma lambar direbobi da katin waya da tocila, a kuma faɗa a gaban dagaci cewa idan ungozoma ta ce a fita, an fita, babu mai cewa ta cika gaggawa. Sannan kuɗin nan kada su zauna a hannun maza kaɗai. Matan garin nan suna adashe shekara da shekaru, uwar adashe ba ta da littafi ba ta da hatimi, amma ba a taɓa kai ta gaban mai unguwa ba.

Na'ibin Liman:
Inna, Allah ya saka da alheri, kin taɓo wurin da ya shafe mu. Maganar izinin miji tana da sauƙin warwarewa idan aka yi ta tun kafin larura ta zo. Duk magidancin da zai tafi ci-rani ya bar mace da ciki, ya furta a gaban waliyyinta ko maƙwabcinsa cewa ya ba da izini a kai ta awo, a kuma kai ta asibiti duk lokacin da bukata ta taso. Ko da bai furta ba, ceton rai wajibi ne, babu malamin da zai ce a zauna jiran waya mace tana halaka. Zan nemi Liman ya sa wannan a huɗuba kafin mutane su gama watsewa.

Ba da jini domin ceton mara lafiya halal ne a wurin malamai, sadaka ce mai girma, abin da aka hana shi ne mayar da jini hajar sayarwa.

Akwai kuma gyara guda da nake so a yi. Na ji wasu suna cewa za su riƙa zuba zakkar hatsinsu a asusun. A yi hattara. Allah ya ambaci mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina asibiti ko masallaci da ita. Ushirin da manomi ya fitar daga amfanin damina, ko rabin ushiri daga abin da ya shayar da injin ban-ruwa, haƙƙin matalauta ne a miƙa musu a hannu. Asusun kuwa zai ɗauki matar mai hali da matar mara hali, saboda haka da sadaka da gudummawa za a ciyar da shi. Idan an sami gidan da ba zai iya mayar da kuɗin mota ba, ana iya ba maigidan zakka a matsayinsa na mabuƙaci ko mai bashi, shi kuma ya biya da hannunsa.

Malamin Firamare:
Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya kawar da shubuha. Ni ina goyon bayan asusun, amma ina ganin tsoron da Alhaji ya bayyana shi ne ainihin abin da ya kamata mu tsaya a kai, domin aikin lafiya a ƙasar nan da yarda yake tafiya. Mu tuna da rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano saboda zargi, ba a dawo da shi ba sai a 2004, kuma cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta a tsakanin nan. Masu kawo maganin ne suka canza: aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni a gaba, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida gida, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Haka ma maganin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, inda mai rabon 'yar gari ce uwa takan ba yaro na kwana na biyu da na uku, inda baƙuwa ce kuwa sau da yawa a ƙarƙashin katifa yake ƙarewa.

Shawarata ita ce a sa hannu uku kafin kuɗi su fita daga banki: ma'aji, wakiliyar mata, da wakilin dagaci. A bar ɗan abin da zai isa tafiya biyu ko uku a hannun uwar adashe domin dare. Kowace Juma'ar ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan an idar da salla, ba tare da an ambaci sunan matar da aka ɗauka ba. Ina kuma so a faɗaɗa asusun ya haɗa da yara masu tamowa da masu amai da gudawa, tunda su ma tafiya ce ke gagarar iyayensu.

Ma'aji:
Malam, sharuɗɗanka na karɓe su hannu biyu, sun ma sauke mini nauyi. Amma faɗaɗawar ban yarda da ita ba a wannan shekarar. Idan muka ce kowace rashin lafiya, kuɗin ba za su ga bazara ba. A tsaya a kan naƙuda da matsalar ciki da kwana arba'in na jego, uwa da jaririnta. Idan kaka ta zagayo muka ga abin da ya rage, sai a sake zama.

Sannan a yanke mini hukunci a kan abu ɗaya: kyauta ce ko rance? Ni ina ganin rance ne mara ruwa, a biya bayan suna ko a lokacin kaka, da kuɗi ko da hatsi. Wanda kwamiti ya tabbatar ba shi da hali a bi hanyar da Malam Na'ibi ya nuna.

Malamar Awo:
Ina goyon bayan Ma'aji, da sharaɗin kada a taɓa tambayar kowa tsohon bashi a daren da matarsa ke naƙuda. Game da tamowa, Malam, akwai abin da ba ya cin kuɗi: a koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da tsinken awon nan mai launi uku. Daga wata 6 zuwa 59, idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a kai shi asibiti a ranar. Zan iya koyar da wannan a ranar awo.

Bari in yi bayanin jinin, domin na ga an wuce shi da sauri alhali shi ne rabin aikin. Ba a gari za a ɗebi jinin kowa ba. Abin da za mu yi shi ne mu nemi ma'aikatan gwaji su zo rana guda su duba rukunin jinin duk wanda ya yarda, a rubuta suna da rukuni da lambar waya, littafin ya zauna a wurin Sakatare da kuma wurina. Ranar da za a fita da mace, sai mutum biyu masu rukunin da ya dace su bi motar. A can asibiti za a sake gwada su, a duba cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, kuma sakamakon sirri ne tsakanin mutum da ma'aikaci. Wanda aka ce kada ya bayar, babu mai ikon tambayarsa dalili, domin ƙarancin jini kaɗai ma yana hanawa. Ana so mai bayarwa ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jiki yana mayar da ruwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma namiji lafiyayye yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Maganar da ake yaɗawa a majalisa cewa ba da jini yana rage wa namiji ƙarfi ba ta da tushe, kuma zai yi kyau manya su fara miƙa hannu domin samari su gani.

Alhaji na Kano:
To, jama'a ta yi rinjaye, kuma hujjar 'yata ta fi tawa ƙarfi a kan abin da ya fi gaggawa. Ban janye maganar gini ba, na dai jinkirta ta. Ina so kwamitin raya mazaɓa ya rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha a kan ƙarin ma'aikata da gyaran asibitin, mu da ke birni mu bi takardar. A kuma bincika rajistar hukumar JICHMA ta taimakekeniyar lafiya, a ga ko masu ciki da ƙananan yaran garinmu sun shiga cikin waɗanda ake ɗaukar wa nauyi. Ni da 'yan'uwa na nan Kano za mu ɗauki nauyin fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin da ake da shi yanzu, daga aljihunmu, ba daga kuɗin kaka ba. A sa sunana a littafin jini idan shekaruna ba su hana ba.

Direban Tasha:
Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Saura tambaya ɗaya da za a yi mini a bakin mota, gara in ji amsarta yanzu. Fulanin rugar da ke bayan fadama ba su cikin waɗanda suka ba da gudummawar kaka, kuma matansu sun fi kowa nisa da kwalta. Idan aka kira ni daga can, in sha mai da takardar ƙungiya ko in ce ba su cikin lissafi?

Na'ibin Liman:
Ka ɗauke ta. Maƙwabtanmu ne, a sahu ɗaya muke salla, kuma ba a tambayar mai naƙuda rasit. Maganar kuɗi a yi ta da mijinta bayan an sauka lafiya, kamar yadda za a yi da kowa.

Ma'aji:
Na yarda, amma kada a bar shi a kan baki kawai. Malam Sakatare, ka rubuta wa Arɗo takardar gayyata zuwa zaman ranar Asabar, a ba shi kujera a kwamitin, a kuma tambaye shi ko mutanensa za su fi son ba da nasu kason da kuɗi a ranar kasuwa tunda ba duka ne ke noma ba. Direba, kai kuma ka zo da sunayen masu babur biyu da suka san hanyar rugar da daddare, domin a saka lambobinsu a takardar da za a raba wa ungozomomi.